Gishirin Baba Na'Allah

Abdulganiyyu ya shigo zauren a guje da ƙanƙara a kafaɗa, ruwa na ɗiga a rigarsa, ya tarar Dada ta cafke hannun mijinta a bakin akwatin gilashin.

"Dubi abin da nika fama da shi," in ji ta. "Likita ya hana mai gishiri, shi ko ya samu rijiyatai cikin gida."

Baba Na'Allah ya lashe yatsansa ko kunya babu. Tsohon direba ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar Kebbe, kuma tun da ya ga teku a Jidda shekarar da ya sauke farali, bai bar kowa a Tambuwal ya huta da zancenta ba. Da ciwon zuciya ya kwantar da shi, ɗansa Ubaidullahi ya aiko masa da tekun daga Legas: akwatin gilashi, famfo mai aiki da sola, buhun gishiri na musamman, da murjani mai rai. Matan unguwa suka zo kallo suna zaton jan dutsen wuya ne, suka tarar da wani ƙullutu kamar citta. Amma da ya buɗe, ya fito da ƙananan yatsu koraye shar suna rawa cikin ruwa, masu dariyar ma sai da suka yi shiru.

Zafin bazara na sauka, murjanin ya rufe, ya fara fari. Baba ya faɗa a fili cewa ba ya son ya tafi ya bar shi a rufe. Maganar ta tsaya wa Abdulganiyyu a rai. Shi maƙwabci ne kawai, mai sayar da ƙanƙara, amma ya ɗauki abin kamar nasa. Ya janye akwatin daga taga, ya wanke famfo, ya jefa ƙanƙara a ƙulle cikin leda, ya lulluɓe gilashin da jiƙaƙƙen buhu. Kullum ruwan ya ragu sai ya dama wani da gishiri, kamar yadda aka haɗa ranar farko, ya cika. Murjani dai ko gezau.

"Ganiyyu," in ji tsohon, yana motsa baki. "Ruwan ga ya yi gishiri."

"Baba, ai teku ta."

"Na san teku, yaro. Kullum nika ɗanɗana shi."

"Kullum?" in ji Dada.

Bai ko dube ta ba. "Ranar da yaz zo ba hakan ga yake ba. Yanzu yanka halshe shikai."

Abdulganiyyu ya tsaya da ƙanƙara a hannu. Ya dubi farin ɓawon da ya bushe a bakin gilashin, sai abin ya faɗo masa. Zafi ruwa yake sha, gishirin yana nan bai je ko'ina ba, shi kuwa kullum ƙara wani yake yi.

"To in miya ta ƙafe, wa ka ƙara mata gishiri?" in ji Dada. "Ruwa aka sa mata."

Nan take Abdulganiyyu ya kira Legas. Ubaidullahi ya ce haka ne, a riƙa zuba tataccen ruwa zalla, amma kofi-kofi, kada a firgita murjanin. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Harshen da aka hana gishiri ne ya kama ɓarawo, kuma sai da unguwa duka ta ji labari.

Zauren ya koma wurin kallo. Masu wucewa masallaci sukan leƙo su tambayi jikin Baba da jikin murjani a gaisuwa ɗaya. Abdulganiyyu ya zuba kofi, Baba ya tsoma yatsa, kowa ya yi tsit yana jiran hukunci. "Da saura." Dada da kanta ta yarda da yatsa ɗaya a wuni, tana tsaye tana gadi. Da ƙarfin Baba ya ƙare, ita ke ɗiga masa a harshe.

Ranar Juma'a da hantsi Abdulganiyyu ya ga wani ɗan kore a gefen ƙullutun. Ya durƙusa. Yatsa ɗaya, sai wani, sai wani.

"Baba, tashi ka gani."

Suka tallafo shi su biyu. Ya daɗe yana kallo, hasken ruwan na wasa a fuskarsa.

"Ya buɗe," ya ce a hankali. "Kak ku ƙara mai komi."

Bayan la'asar Baba ya cika, kansa na wajen gilashin. Abdulganiyyu ya yi kuka kamar ubansa ne.

Washegari, da masu gaisuwa suka ragu, ya shigo da kofin ruwa. Ruwan akwatin ya ɗan sauka. Ya tsaya bai san ko ya zuba ba, don babu mai cewa da saura. Dada ta fito cikin mayafin takaba, ta dube shi, ta dubi shimfiɗar da aka naɗe. Ta janye hannun riga ta tsoma yatsa, ta kai baki.

"Ya yi, Dada?"

"Ban sani ba," ta ce. "Shi as sani."

Ta zauna a inda yake kwanciya. Famfo na ta guna-guni, koren yatsun suna kaɗawa cikin ruwa.