Tire Na Huɗu

Hauwa'u ta sake ɗora rula jikin tsiron, ta yi murmushi. Tire na huɗu ya fi sauran nesa ba kusa ba.

Kwana goma ke nan da ta shuka irin furen sanfulawa, wanda ake cin tsironsa tun yana ƙarami, a tire shida a tsakar gidansu da ke Talata Mafara: biyu a yashin dam ɗin Bakolori, biyu a buntun shinkafa, biyu a ƙasar lambu. Uku tana yayyafa musu ruwa ta sama, uku kuwa ta ƙasa kawai suke sha, daga faranti. Aikin kammala karatunta ke nan, kuma da la'asar malaminta zai zo ya auna da kansa. Har ta rubuta sakamako: buntu da shayarwa ta ƙasa, wato tire na huɗu, ya fi.

Ana kiran azahar ta leƙo daga ɗaki. Sai ga mahaifinta, Malam Maikuɗi, tsugune da buta, yana alwala daidai kan tire na huɗu.

"Innalillahi! Baba!"

"Lafiya, ɗiyata?"

"Tun yaushe kake yin haka?"

"Tun randa suka huda ƙasa. Na ga kina shayar da 'yan'uwansa, shi kin bar shi fuska a bushe. Shekara arba'in ina noma, ban taɓa ganin shuka na ƙishi na wuce ba. Ruwan ma ƙasa zai zube a banza."

Haushi ya turnuƙe ta, ga dariya na neman ƙwace mata. Haba, mutumin da kullum yake mita wai mugunta ce a yanke tsiro ɗan kwana goma a cinye!

"Baba, gwajin ya lalace. In malam ya ji, sai na sake daga farko. Ba zan fita tare da 'yan ajinmu ba."

Ruwa na ɗiga daga gemunsa, tsohon ya ce:

"To wa ya gani? Ni da ke ne."

Ya fita masallaci jiki a sanyaye. Ita kuwa ta daɗe zaune gaban tiren, tana taɓa saman buntun. Jiƙe yake sharkaf.

Da ta ji ƙarar babur ɗin malaminta a ƙofar gida, ta buɗe littafinta, ta soke "ta ƙasa". A wurinsa ta rubuta: "Ruwan alwala, sau biyar a rana."