Jirgin Ƙanina

Ni direban bas ne. Tun da aka kafa shingen karɓar kuɗi a bakin gada nake biya, safe da yamma, wai da shi za a shimfiɗa layin dogo na masu zuwa aiki. Aka kuma ce mu ɗora wani abu a kan kuɗin mota. Mu muka ɗora, mu muka sha zagi, har wata tsohuwa ta ja min Allah ya isa.

Duk na shanye, sai da jirgin ya fara aiki aka ɗauki ƙanina tuƙi. Autan gidanmu! Wanda ni na koya wa riƙe sitiyari, ya ƙona min kuloci. Yanzu shi ne da farar riga da hula mai baki, Inna ba ta da zance sai "direban jirgi". Ni kuwa ina nan a "mai bas". Ba zan ɓoye ba, kishinsa nake yi.

Fasinja su gudu, na haƙura. Amma 'yata fa? Tun tana aji ɗaya kujerar gaba tata ce. Ni nake kai ta makaranta, tana zuba min surutu, tana taya ni faɗa da masu babur.

Ran nan tana ɗaure takalmi ta ce, "Baba, yau Baffa ya ce in bi jirgi."

"Motar ubanki ƙaya ce da ita?"

"A'a, Baba. Nasa ba ya maƙalewa a cunkoso. Kuma ba ya warin mai."

Uwarta ta ce, "Haba, bar ta mana."

Na ce ta je. Me zan ce?

Na cika mota, na biya a gada, na iso inda dogo ya ratsa titi daidai ana sauke sandar tare hanya. Sai ga jirgin tafe, sabo fil, da gumina a jikin kowane tarago. Ja'irin ƙanin nawa ya gane motata, ya danna min hon. Fasinjojina, marasa kunya, suka miƙe suna ɗaukar hoto.

Na hango 'yata a tagar taragon farko. Na zura hannu waje ina ɗaga mata, ina ƙwala mata kira. Tana can tana ƙyaƙyata dariya da wata yarinya, ko titin ba ta kalla ba.

Aka ɗage sanda. Motocin baya suka dame ni da hon, ni kuwa hannuna yana waje ban sauke ba.