Ƙwayoyin da Cindo Ya Daina Sha

Shekara biyu bayan babban farin nan da ya karkashe dabbobi, Cindo ya fara fama da ciwon kai mai sara a ƙeya. Makiyayi ne a wata ruga kusa da Ɗanzomo, shanu goma sha ɗaya suka rage masa. A asibiti a Gumel aka ɗaura masa abin awo a damtse, aka ce hawan jini ne, aka ba shi ƙwayoyi na wata uku cike da kwalba, ɗaya kowace safiya.

Sati uku yana sha. Ciwon kan ya tafi, amma maganin ya zo da tasa fitinar: fitsari ba ƙaƙƙautawa, ga jiri in ya miƙe da sauri. Wata rana yana jan guga a bakin rijiya mai gaba ashirin, sai ƙasa ta juya masa, da ƙyar ya cafki itacen bakin rijiyar. Daga ranar bai ƙara taɓa kwalbar ba.

"Na warke," ya ce wa matarsa Yelwa. "Mai lafiya ba ya shan magani. Kada in ji zancen a bakin kowa."

Bayan wata biyu, da hantsi, Yelwa tana tatsa, shi kuma yana riƙe da maraƙi, igiyar ta suɓuce daga hannunsa na hagu. Ya ɗauka, ta sake faɗuwa. Da ya juyo zai yi magana, Yelwa ta ga bakinsa ya karkace, harshen ya yi nauyi. Ta bar ƙwaryar nonon nan ta kira ƙanensa Ubale, suka ɗora shi a jaki zuwa bakin hanya. Wata motar gyaɗa ce ta kai su Gumel bayan azahar.

Kafin su isa maganarsa ta ɗan saki. Malamin asibitin, Malam Ya'u, ya auna shi sau biyu, fuskarsa ta sauya.

"Baffa, kana shan maganin kullum?"

"Kullum," in ji Cindo.

"Ba fashi ko na kwana ɗaya?"

"Babu."

"To, ashe ya yi maka kaɗan. Zan ninka shi, in haɗa maka da wani mai ƙarfi. Yanzu za ka fara." Ya jawo takarda ya soma rubutu.

Yelwa tana tsugune daga bakin ƙofa. Kwalbar tana ƙulle a gefen zanenta, tana jin taurinta a ƙugu. Ƙwaya ɗaya ta kusa jefa shi rijiya, to ina ga biyu da wata a kai? Amma a inda ta tashi, mace ba ta ƙaryata mijinta gaban baƙo. Ta dubi Cindo, ya zuba mata ido bai ko ƙifta ba. Alƙalamin yana ta tafiya. 

Da Malam Ya'u ya miƙa hannu zai buɗe kabad ɗin magani, sai ta tashi, ta kwance bakin zanen, ta ɗora kwalbar a kan tebur. 

Malam Ya'u ya ɗaga ta ya duba. Ko kwata ba a sha ba. Ya yaga takardar, ya jawo kujera kusa da gadon.

"Me ya hana, Baffa?"

Cindo ya ba da labarin rijiyar, kansa a sunkuye.

"Da ka dawo ka faɗa mini, ai da na sauya maka," in ji Malam Ya'u. "Tafiyar ciwon kai ba ita ce saukar jini ba. Shi wannan ciwo ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi har iyakar rai. Yau ƙwanƙwasa ƙofa ya yi."

Kwana shida aka riƙe shi. Aka sauya masa magani, aka ce ya rage gishiri da kanwa, ya riƙa miƙewa a hankali. Duk kwanakin nan bai yi wa Yelwa magana ba. In ta dama fura, sai ya juya wa bango fuska ya sha.

Hannun ya dawo, ban da yatsu biyu da ba sa riƙe igiya. Jan guga ya koma wuyan Ubale. Har damina ta faɗi Cindo bai daina yi mata gorin ta kunyata shi a birni ba, amma kowace safiya, kafin a saki shanu, yakan miƙo mata tafin hannu ta ɗora masa ƙwayar.