Littattafan Saman Kanta

Ɗayyabu mai hayar littattafai yana da wata al'ada da ban taɓa gani a wajen kowa ba. Duk littafin da ya shigo shagonsa, kafin ya fara ba da shi haya, sai ya samo fallen farar takarda biyu ya liƙa a ƙarshensa da ƙaro. Wanda ya karanta, in yana da ta cewa, ya rubuta a nan. Shagon ɗan tsukuku ne a kan hanyar kasuwar Wudil, tsakanin mai faci da mai sayar da igiyar shanu, amma bakunan da ke magana a cikinsa sun fi na tasha yawa.

Ni sunana Nu'uman, malamin sakandare ne. Kowace Juma'a bayan la'asar nakan je in zauna a bencin Ɗayyabu in yi ta buɗe bayan littattafai. Ba littattafan ne suka dame ni ba, waɗannan fallayen nake bi. A bayan wani labarin soyayya wata ta rubuta, "Yarinyar ta cika kuka, tun shafi na uku take yi, har na fara tausayin matashin kanta." A ƙasa wata ta amsa mata, "Ke ce dai ba ki san so ba." Wani bawan Allah ya ari ƙamus, ya dawo da shi da cewa ya kai harafi na huɗu bai ga inda labarin ya dosa ba. A littafin kiwon kaji kuwa an rubuta, "Na bi duk abin da ya ce. Kajin ne ba su karanta ba." Wani ɗalibin jami'a ya cika rabin falle yana zargin marubucin wani littafin tarihi da rashin kawo madogara, sai wani ya sa masa layi ɗaya a ƙasa: "Kai kana nan aka yi?"

Ina dariya, amma in don gaskiya ce, ba dariya ce take kai ni ba. Ni ma na rubuta littafi. Shekara biyu da suka wuce na buga ɗan ƙaramin littafi a kan itatuwa da ganyayyakin ƙasarmu, sunayensu da amfaninsu da lokacin da ake ɗibarsu. Na kai wa Ɗayyabu kwafi guda, na ga sanda ya liƙa masa fallayensa. Tun daga nan duk sanda na tambaya sai ya ce, "Yana hannu, Malam." Na yi ta jira har na gaji. Na fara raya wa kaina cewa wata mai ƙosai ta gama naɗe ƙosai da shi tuni.

Akwai kuma wadda shirunta ya fi na dukan Wudil yi mini ciwo. Ni ne ɗan fari a wajen Inna Hansai, kuma kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a gidajenmu. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka kawo ni gidan kawuna a Wudil, sai da hutu nake zuwa ƙauyenmu Utai, in gaishe ta ta amsa tana kallon wani wajen. Rabin abin da ke cikin littafin nan daga bakinta na tsince shi, ina laɓe a bayan zana tana koya wa ƙanwata Rahinatu. Da aka buga na aika mata da kwafi. Ko tari ban ji an ce ta yi ba. Na san alkunya ce, na girma a cikinta, amma mutum mai shekara arba'in da uku ma yakan so ya san ko mahaifiyarsa ta ga abin da ya yi. Har na yanke a raina cewa littafi na biyun da na fara, a kan tsuntsaye, ba zan ƙarasa shi ba.

Wata Juma'a ina zaune, wata ɗaliba ta nuna wani littafi a can saman kanta ta ce shi take so.

"Wancan ya hau sama, ba a ba da shi," in ji Ɗayyabu.

Da ta tafi na tambaye shi me littafi yake yi ya hau sama.

"Addu'a ce aka rubuta a cikinsu," ya ce. "Wani lokaci littafi zai fita ya dawo da rubutun Larabci a bayansa, da tawadar allo. To ka ga ba zan miƙa wa wanda zai ajiye shi a ƙasa ko ya ɗora kwanon miya a kai ba. Sai in ɗaga shi. Kuma ka san wani abu, Malam? Tunda na fara tara su, gara ba ta taɓa hawa can ba."

Na ce masa kantar saman ta ƙarfe ce, gara ba ta cin ƙarfe. Ya ce mu dai 'yan boko ba mu da tawakkali.

Na taka benci na sauko da guda. Labarin soyayya ne, bangonsa duk ya koɗe. A fallen baya ga rubutu nan baƙi wuluk, da alƙalamin kara, layi biyar a miƙe. Rabona da irin wannan rubutun tun makarantar allo, don haka na fara haɗa baƙi da wasali a hankali, ina motsa baki. Kalma ta farko ba ta yi mini kama da Larabci ba. Ta biyu ma haka. Da na kai ƙarshen layi sai na kwashe da dariya.

"Ɗayyabu, ka taɓa karanta addu'ar nan?"

"Na ga haruffan Alƙur'ani, me zan tsaya bincike?"

"Ajami ne. Hausa ce tsagwaronta. Saurara." Na karanta masa: "Wannan yarinya ba ta da wayo. Mutumin da ya zo gidanku sau tara bai taɓa tambayar lafiyar tsohuwarki ba, me za ki yi da shi? Amma mai littafin ya iya faɗar yunwa. Ya taɓa jin ta."

Ɗayyabu ya riƙe baki. Shekara kusan uku yana alwala kafin ya taɓa kantar nan.

Muka sauko da su duka, ashirin da shida, hannu ɗaya ne ya rubuta. Ranar ban bar shagon ba sai da aka kira magariba, washegari kuma na dawo. Mai rubutun nan ba ya barin kowa. A bayan wani littafin koyar da noma ya ce marubucin bai taɓa riƙe fartanya ba, don wanda ya taɓa ba zai ce a yi shuka da ruwan farko ba tare da an tona an ga inda laima ta kai ba. Ƙamus ɗin da wancan ya rasa labarinsa, shi cewa ya yi littafi ne mai kunya, ba ya magana sai an tambaye shi, sannan ya lissafa sunayen tukwane huɗu da ba a sa ba. Wani littafin tarihi ya samu layi ɗaya tak: "Duk sarakuna. To wa ya yi noman da suka ci?" Akwai labarin da ya ce an karanta masa sau biyu, kuma bai yafe wa marubucin kashe tsohon makiyayin da ya yi ba.

Wannan "an karanta mini" ta tsaya mini a rai. Ke nan mutumin ba ya karatun boko, wani ne yake karanta masa, shi kuma ya ɗauki alƙalami ya yanke hukunci. Na zana shi a zuciyata: dattijon malami mai furfura a wani zaure a ƙauyen Indabo ko Dagumawa, mai tsinin harshe, wanda jikokinsa suke tsoro. Na ji ina son in gan shi fiye da yadda na taɓa son ganin wani marubuci. Na tambayi Ɗayyabu wa yake dawo da su.

"Malam, ranar kasuwa mutum nawa ke shigowa nan? Matan ƙauye ma sukan ɗauki biyar biyar su rarraba a unguwa. Sai na zo jerawa da yamma nake ganin rubutun."

Saura guda ɗaya a ƙasan tarin, siriri, an naɗe bangonsa da takardar buhun siminti an ɗinke gefen da zare. Na buɗe. Shafin farko, inda sunan marubuci yake, shi ma an liƙe shi da wata 'yar takarda. Na juya shafi na biyu, sai na ga jimlar da na kwana uku ina gyarawa.

Na ɗago na dubi Ɗayyabu. Ya leƙo, ya gane, ya sunkuyar da kai.

"Wallahi na ɗauka ya ɓata," ya ce. "Fitarsa ta farko ke nan, ban ƙara ganin bangonsa ba. Kunyar faɗa maka na ji."

Ashe shekara biyu littafina yana bisa kaina duk Juma'a, ana girmama shi, babu mai karantawa. Ban samu zarafin yin fushi ba, domin hannuna ya riga ya kai fallayen baya. Duka biyun a cike suke, ciki da waje, har rubutun ya gangara gefe.

Dattijon nawa bai saurara mini ba. Ya ce a shafi na sha ɗaya na ce a shanya ganyen kuka a rana, alhali a inuwa ake shanyawa in ana son miya ta yi kore. Ya ce tafasa tun tana ƙarama ake tsinka, ba bayan ta yi fure ba. Ya ce na haɗa ciyayi biyu na ba su suna ɗaya, duk akuyar Utai ta san bambancinsu. Gyara goma sha huɗu na ƙirga, kuma kowanne na san gaskiya ne. Kalmar Utai ta sa na ɗan dakata, amma na ci gaba. A can ƙasan falle na biyu rubutun ya ƙanƙance don wuri ya ƙare. Na kai shi bakin ƙofa inda haske yake.

"Mai littafin ya ce a wajen tsofaffi ya ji waɗannan abubuwa. A bayan zana ya ji su, yana tsugune kusa da turmi, ana faɗa wa ƙanwarsa. An san yana wurin. Shi ya sa ake ɗaga murya. Inda ya yi kuskure, iska ce ta ɗauke maganar, ba laifinsa ba ne."

Na zauna a bencin. Ɗayyabu yana tambayata me aka ce, na kasa karanta masa. Ban taɓa ganin Inna da alƙalami ba, ko da yake na san mahaifinta malamin allo ne. Na tuna yadda nake mamaki, ina yaro, me ya sa take yi wa Rahinatu magana da ƙarfi haka alhali yarinyar tana gabanta. Na yi kuka a shagon mutane da rana tsaka, ban ji kunya ba.

Ranar Lahadi da safe na hau babur zuwa Utai. Rahinatu, wadda take aure a maƙwabtan gidanmu, na tarar a zaure tana auna gyaɗa. Da ta ga littafin mai bangon siminti a hannuna sai ta rufe fuska da mayafi.

"Yaya, ni karatu kawai nake yi mata," ta ce. "In na kai man gyaɗa kasuwa da safe sai in karɓo. Wanda ka aiko yana cikin adakarta, ba ta yarda an buɗe ba. Cewa ta yi in aro na shago, kamar na kowa."

Na shiga ciki. Inna tana zaune a gindin ɗaki tana tsince wake a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a gajarce idonta a kan waken, kamar kullum. Ta ga littafin, na ga ta gani, hannunta bai tsaya ba. Da a da ne, da na tashi na koma zaure in jira a kawo mini fura.

Zanar tana nan inda take, an dai sabunta ta. Na zagaya bayanta na samu turmin a kife, na zauna a kai da babbar rigata. Na ce wa Rahinatu, wadda ta biyo ni ciki, da ƙarfi yadda za a ji, za a sake buga littafin nan da gyara goma sha huɗu, kuma akwai wani a kan tsuntsaye da ya tsaya a rabi.

Ina jin ƙarar wake a faifai, sannan ta tsaya.

"Rahinatu," in ji Inna, da muryar da har maƙwabta za su ji, "goma sha bakwai ne. Takardar ce ta ƙare. Zauna in faɗa miki sauran."

Na laluba aljihu na ciro biro.