Sanyin Gidan Suruki

Zulkifilu ya miƙa hannu saitin ramin da iskar na'urar sanyaya gida ke fitowa, ya ji babu komai. Fitilu na ci, firji na ƙugi, na'urar ce kaɗai ta yi shiru. Ya leƙa ta taga, ya ga rana ta zauna a kan rufin gidajen garin Mitchellville na Amurka kamar ba ta da niyyar tashi. Watan Yuli ne, kuma azumi ya kai tsakiya.

Sai a lokacin ya tuna. Tun farkon bazara ya shiga wani shirin gwamnatin jiha na rage cin wuta domin tsabtar iska. Kamfanin wuta ya maƙala ɗan akwati a jikin na'urarsa, da sharaɗin duk ranar da zafi ya tsananta za su kashe ta daga ofishinsu, su rage masa wani abu a ƙarshen wata. Ya yaba wa kansa ƙwarai a ranar da ya shiga. Mutumin da ya ƙetare teku don ya huta da ɗauke wuta, shi ne ya sa hannu da kansa a riƙa ɗauke masa.

Da shi kaɗai ne da ya haƙura. Amma surukinsa, Malam Umaru, yana gidan. An kawo shi daga Kano domin aikin gwiwa, likita kuma ya ce ba zai taɓa shi ba sai hawan jininsa ya sauka. Jibi za a sake aunawa. Tun isowarsa tsohon ba ya barcin kirki, ga tari, ga shi ya ƙi ajiye azumi. Zulkifilu ya yi iyakar abin da ya sani na karrama baƙo: ya ƙure sanyin gidan dare da rana, har gilashin taga na raɓa. Kowace safiya yakan durƙusa daga bakin ƙofa ya tambayi kwana, tsohon kuma, daga cikin bargo, ya ce, "Lafiya lau. Ana ta ɗawainiya da mu." Hirarsu ba ta taɓa wuce nan ba. Kunya ce, irin wadda ba ta buƙatar biza.

Ya kira matarsa Rumasa'u a asibitin da take aikin jinya.

"Sun kashe mana sanyi."

"Su wa?"

"Mutanen shirin nan."

"Shirin da ka ce mai hankali ne kawai ke shiga?" Ya ji ta ja numfashi. "Baban Afnan, ina tsakiyar aiki. Idan jinin Baba ya hau aka ɗaga aikin nan, kai za ka yi wa 'yan'uwana bayani. Ni na gaji da bayani."

Ya shige kicin ya rufe ƙofa, ya kira kamfanin. Wata murya ta gode masa da kiran, ta shaida masa cewa yana da muhimmanci a wurinsu, sannan ta bar shi da kiɗa. Ya zauna a kan kujera, gumi na bin bayansa, maƙogwaronsa ya bushe. Kiɗan ya ƙare ya sake farawa. La'asar ta yi, ya yi salla wayar na ajiye a gefen darduma tana ta kiɗanta.

Daga ƙarshe wata mata ta ɗauka, da muryar wadda ta sha zagi tun safe. Ta bayyana masa cewa a tsarin da ya zaɓa ba a maido da sanyi sai dare ya yi, sai dai in zai fita daga shirin gaba ɗaya, kuma in ya fita ba zai koma ba sai baɗi. Ta tambaye shi ko ya san irin gudummawar da yake bayarwa wajen kare muhalli.

"Ina da tsoho marar lafiya a gida," in ji shi da Turanci. "Ki cire ni."

Ta cire shi, ta yi masa fatan yini mai daɗi.

Ya fito falo yana shirya kalmomin ban haƙuri, sai ya tsaya cik. Malam Umaru ya sauko daga kujera ya shimfiɗa darduma a ƙasa kusa da ƙofar baranda, wadda ya buɗe da kansa. Ya cire rigar sanyin da kullum take ƙarƙashin jallabiyarsa. Bargon nan da Zulkifilu ya ɗauka al'adar tsufa ce yana ninke a gefe, an ɗora hula a kai. Tsohon ya yi matashi da hannunsa, bakinsa a ɗan buɗe, yana minshari a hankali. Babu tari. Zulkifilu bai taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba.

Yana tsaye a nan na'urar ta yi ƙara daga bayan gida, iska mai sanyi ta fara zubowa daga sama. Ba a jima ba tsohon ya motsa, ya dunƙule ƙafafunsa, ya yi tari sau biyu. Ido a rufe ya laluba ya jawo bargon.

"An dawo da ita ke nan?" ya tambaya.

"An dawo da ita, Baba."

"Madalla. Sannu da ƙoƙari."

Ya ja bargon har wuya. Zulkifilu ya daɗe yana dubansa. Sannan ya taka a hankali zuwa bango inda makunnin na'urar yake, ya kare shi da jikinsa, ya danna. Ƙarar ta mutu. Gidan ya yi tsit, sai kukan wata motar yankan ciyawa can nesa.

Malam Umaru ya buɗe ido ɗaya.

"Sun sake ɗaukewa?"

"Sun sake, Baba. Da alama haka za su yi ta yi har ƙarshen wata."

Tsohon ya ture bargon da ƙafarsa mai lafiya, ya gyara kwanciya.

"To, ko'ina da irin nasu," in ji shi. "Kada ka matsa musu."