Muryar Mai Tire

Mai Tire tana zaune gaban madubi, sai furodusar ta shigo da farar rigar 'yan aiki a hannu, ga tiren azurfa a hammata.

"Mama, wannan za ki saka. Da an kira ki sai ki fito da tiren, yadda kike yi a wasan."

Mai Tire ta dubi rigar. Yau shekara arba'in da gidan talabijin ɗin ya fara nuna wasan nan na zamanin keken doki, labarin 'yar attajiri da ta ce ita sai ɗan mai kula da dawakin ubanta. Bikin cikar shekarun ake yi yau. Kashi ashirin da shida aka yi, ita kuwa aikinta a ciki bai wuce shigo da shayi da kwashe kofuna ba. Ko tari ba a ba ta ta yi ba. Sunan Mai Tire ya bi ta kasuwa, ya bi ta asibiti, har ya bi 'yarta makaranta.

"Me ya sa sai ni?"

"Ai ke ce hujjarmu, Mama. Masu surutu suna ta cewa masu farar fata kawai aka zuba a wasan. To ga ki! Tun a lokacin ma ba a bar irinku a baya ba."

Irinku! Wato masu baƙar fata. Ranta ya yi baƙi ƙirin. Ba a bar su a baya ba, sai dai a bayan kujera.

Abin da furodusar ba ta sani ba, ranar gwaji ita ta fi kowa iya karanta maganganun 'yar attajirin. Darakta ya ce muryar ta yi, fuskar ce ba ta 'yan bene masu kuɗi ba. Sai aka samo wata fara mai dogon hanci tana motsa baki, ita kuma aka kulle ta a wani ɗakin ɗaukar murya mai barguna a bango, ta yi duk kukan da duk soyayyar. Ya sa ta rantse ba za ta faɗa ba. Ya mutu bai warware ta ba.

Sau ɗaya ta karya rantsuwar, ranar da 'yarta ta dawo daga makaranta da kuka. Yarinyar ta saurara, ba ta yarda ba, ta share hawaye ta ce, "Mama, don Allah ki daina." Tun daga nan ba su sake tada zancen ba. Yau ga ta can cikin 'yan kallo a layi na uku, ita ma da furfurarta.

Ta saka rigar. Ta jera kofuna a tiren, ta ɗauka.

A dandamali kujeru huɗu ne, kowace da mai ita. An tafa mata, an yi dariya, ta tsaya a bayan tauraruwar wasan, farar nan mai dogon hanci, kamar da. Mai gabatarwa ya yi ta zuba a kan yadda wasan ya rungumi kowa, sannan ya miƙa wa tauraruwar makirufo.

"Ranki ya daɗe, ko za ki maimaita mana maganar nan da kika gaya wa mahaifinki?"

Tauraruwar ta yi 'yar dariya, ta taɓa maƙogwaro. "Wayyo, murya ta tsufa."

Mai Tire ta dire tiren a tebur har kofunan suka yi ƙara. Ta zare makirufon daga hannun matar.

"Baba," ta ce, a hankali, da rawar muryar nan da rabin mutanen zauren suka girma suna kwaikwayo, "in gidan nan ya fi ƙarfinsa, to ni ma ya fi ƙarfina. A buɗe min ƙofa."

A layi na uku 'yarta ta miƙe tsaye, hannu a kan baki.

Mai ɗaukar hoto bai san wa zai haska ba, sai ya juya kan tauraruwar. A babban allo kowa ya gan ta, ido rufe, leɓunanta suna bin maganar daidai, ba sauti.