Ƙwayoyin Amidu Kala Uku

Amidu doya yake ɗauka daga Salaga ya kai Bawku, ya sauko da albasa. Tun bayan sallar layya jiri ya sa shi gaba. A Yendi har ya yanke jiki ya faɗi a gindin mota.

Ya yi ta juya abin a ransa. Jirin nan da safe yake zuwa, bayan ya sha koko. Kokon kuwa Wadud ke sayowa, abokin tafiyarsa na shekara tara, wanda kwanan nan bakinsa ba ya rabo da, "Yaya, ka huta mana, ni sai in kai kayan." To me ya sa yake so ya huta? Ko wani abu yake zuba masa a kokon?

Daga nan in Wadud ya miƙo koko, sai ya karɓa da godiya, ya zagaya bayan mota ya zubar. Jiri bai tafi ba. Ya ce to a ruwa ake zuba masa ke nan. Ya ƙudura wannan ce tafiyarsu ta ƙarshe tare.

Suna isa Bawku ya sulale asibiti shi kaɗai. Wata nas mai suna Fauziya ta auna shi, ta sake aunawa.

"Baba, jininka ya yi ƙasa ƙwarai. Me kake sha?"

Ya zazzage leda a tebur: katin asibiti uku, ƙwayoyin hawan jini kala uku.

"Farin na Salaga ne, jan na Yendi, wannan naku. Kowace safiya duka nake haɗiyewa, ba na fashi."

"Ka gaya wa likitan Yendi an ba ka a Salaga?"

"Haba 'yata, ya ce na raina nasa?"

Ta duba bayan kowanne, ta dafe kai.

"Magani ɗaya ne, kamfani ne daban. Ninki uku kake sha! Daga yau duk asibitin da ka shiga, ledar nan za ka fara nunawa. Zauna, sai likita ya gan ka."

Sai bayan la'asar aka sallame shi. A bakin ƙofa ya tarar da Wadud, gumi sharkaf.

"Yaya, ka kashe ni da nema! Har mahauta na leƙa."

Amidu ya kasa kallon idonsa.

"Wadud, ka yafe mini."

"Me ka yi?"

"Kai dai ka yafe."

"Na yafe. Kama kafaɗata, kar ka sake faɗo mini a titi, nauyi gare ka."